Rakiyar Da Ta Kai Ni Bisa Dutse

Ko da komai zai gushe daga kaina, akwai safiya ɗaya da na san ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah, ita ce safiyar da na yi wa taubashina rakiya. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya fara fari, amma har yau in na ɗaga kai daga ɗinki na hangi dutsen nan da ke bayan Filinge, sai in ji nauyin basukur ɗinsa, wato kekensa na hawa, a kafaɗata kamar jiya aka yi abin.

Ni tela ne, shagona yana unguwar kasuwa. Karatuna na lakwal bai wuce firamare ba, daga nan aka kai ni koyon ɗinki. Duk wanda ya san ni ya san halina, ni mutum ne mai yawan fargaba. In na kulle shago na kama hanyar gida, sai na komo na taɓa kwaɗon na ji ya kama. In na auna yadi, sai na sake aunawa kafin in sa almakashi, in na yanka kuma in wuni ina tunanin ko na rage wa mai shi hannun riga. Ruwan da nake ƙararwa wajen alwala kuwa, mai ɗakina ce ta san wannan, don ita ke cika randa. Ba daɗin haka nake ji ba. Haka na tashi na ga kaina.

Taubashin nawa ɗan kawuna ne, kawun kuwa wan mahaifiyata ne. Gida ɗaya muka tashi, domin mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawu ne ya riƙe ni. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, kuma da haka muke kiran juna tun muna yara, har mutane suka daina jin sunayenmu a bakinmu. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya wasa ne. Shi kuwa ya mori wannan dama iyakar mora. Halinmu bai haɗu ko a wuri ɗaya ba. Shi ne mutumin da ya taɓa raba gangar ƙarfe biyu, ya shiga rabin a tabki da damina yana tuƙi da murfin kwano, ni ina bakin ruwa ina karanta duk addu'ar da na sani.

Yana saurayi ya tafi Kurmi, can ƙasashen kudu, neman na kansa, ya zauna wajen wani mai gyaran basukur a wani gari mai duwatsu. Can ya ga abin da mu ba mu sani ba. Wai mutane su fita ranar hutu, wasu a ƙasa wasu bisa basukur, su hau dutse su sauko, ba don sun je ɗauko komai ba. Abin ya shiga ransa. Kowace damina yakan komo ya taya kawu noma, wata shekara kuwa sai ga shi da basukur mai tayoyi masu kauri da haƙora kamar na tarakta. Da ya tashi daga gona sai ya nufi dutse. Ya riƙa bin sawun awaki da adda yana sare ƙaya, inda hanya ta karkata ya tara duwatsu ya yi ɗan tsibi don alama, har ya fitar da hanya tun daga gindi zuwa bisa.

A ƙasarmu ta Kurfai ba a hawan dutse haka kawai. Makiyayi na hawa, mace mai neman itace na hawa, sai kuma wanda akuyarsa ta ɓace. Saboda haka duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya jajanta masa, ya tambayi kamannin dabbar. In ya ce babu abin da ya ɓace, kallo ya je, sai a bi shi da ido. A majalisar ƙofar shagona an sha cewa Kurmi ta taɓa masa kai. Nakan ci gaba da taka keken ɗinki, ina jin kunyar abin da ake faɗa, ina kuma jin wani abu mai kama da kishi wanda ban gaya wa kowa ba.

Kullum maganarsa gare ni ɗaya ce, in zo in ga garinmu daga bisa. Da majo, babban malamin asibitinmu, ya ce jinina ya hau, tansiyo in ji su, ya ce in riƙa tafiyar ƙasa, sai taubashina ya samu abin kamawa. Na sha amsa masa. Mukan fita da safe mu wuce rijiyoyi, mu ratsa gonaki, har mu kai wani babban gawo da ke gindin dutsen, wanda da damina ko inuwa ba ya da ita. To, nan ƙafata ke tsayawa. Wata rana hadari na gani ya taso gabas. Wata rana sawun maciji. Wata rana na tuna ban tabbata na kashe garwashin guga ba, nan take zuciyata ta nuna mini shagon yana ci da wuta, da kayan mutane a ciki. Ba ƙarya nake yi masa ba, kowane dalili a lokacinsa gaskiya ne a gare ni. Sai in ba shi haƙuri in ce sai wata rana. Shi kuwa ya yi dariya, ya sa wa itacen suna iyakar tela, har masu kiwo suka ɗauka.

Kada mai karatu ya zaci ba na so. Ina so ƙwarai. In ya sauko da yamma ya zauna bakin shago yana ba ni labarin yadda kwarin Dallol yake daga can, da wata iska da ke bisa wadda ba ta saukowa gari, sai in ji zuciyata ta tafi ta bar ni kan kujera. Amma tsakanin so da ɗaga ƙafa akwai abin da ke riƙe ni. Kullum kuma ina gaya wa kaina dutse ba ya zuwa ko'ina, taubashi ma zai komo baɗi.

Sai wata damina kawu ya rasu. Taubashina ya zauna har aka yi girbi aka ɗaure dammuna, sannan ya danƙa gonar ga wani ɗan'uwanmu, ya ce shi kam iyalinsa suna Kurmi, abin da ke kawo shi kowace shekara ya ƙare. A kwanakin nan na ƙarshe nakan gan shi yana fita da sassafe da bokiti, ban tambaye shi ba, na ɗauka kabarin kawu yake zuwa gyarawa. Wata yamma ya gaya mini ba ta tasha zai tafi ba. Kayansa masu nauyi ya riga ya ba direba. Shi zai hau dutse da basukur, ya ratsa bisa ya sauka ƙauyen da yayarsa take aure, ya yi mata ban kwana, daga nan ya faɗa gudron, wato titin kwalta, ya tari motar kasuwar Baleyara. Na jira ya ce in zo mu hau karon ƙarshe. Bai ce ba. Ya ƙare hirarsa ya tashi. Wannan shirun ya fi duk ba'ar da ya taɓa yi mini zafi, domin na ga ya fid da rai da ni. Na kuma san in ya tafi ban hau ba, to ni da bisan dutsen nan har abada.

Akwai wani abu da kawu ya hore mu a kai tun muna ƙanana, shi ne rakiya. A gidanmu, in baƙo ko ɗan gida zai yi tafiya, mai rakiya shi ke ɗaukar kaya, kuma ba ya aje kayan, ba ya juyawa, sai matafiyi ya ce masa ya isa haka, ya koma. Ka juya ba a sallame ka ba, kamar ka ce wa mutum ka gaji da shi ne. Mutane da yawa sun san wannan, amma suna ɗaukarsa da sauƙi. Ni kuwa irin waɗannan abubuwa ba na iya ɗaukarsu da sauƙi, kuma babu wanda ya san haka kamar taubashina.

Ranar tafiya, da gari ya waye, na shirya don in taka masa zuwa bakin gari. Na zura silifa, sai mai ɗakina ta ce in sa sau-ciki, wai akwai ƙarangiya a hanya. Ta miƙo mini hula da gorar fura, ta ce furar ta matafiyi ce. Na ɗaga gorar na ji nauyi, na ce wannan ai ta isa mutum biyu. Ta ce taubashinka akwai ci. Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Ni da nake zargin kowane gajimare, ban zargi wannan ba.

Mu da yawa muka fito rakiyar, maƙwabta da dangi. Ni na kama basukur ɗin ina turawa, jakarsa ɗaure a baya, tunda ni ne na kusa. A ƙofar gida ya sallami mata. A bakin gari ya sallami dattawa, aka yi addu'a aka shafa. Wajen rijiyoyi ya juya ga sauran ya ce, "Ku koma haka nan, na gode, Allah shi bar zumunci." Suka yi musabaha suka juya. Na tsaya ina jiran tawa. Ya dube ni, ya dubi basukur, ya ci gaba da tafiya yana ba ni labarin wani maƙwabcinsa na Kurmi mai kiwon agwagi. Na bi shi.

Muna cikin gonaki muka gamu da wani tsoho yana tara kara. Da ya ga mun nufi dutse ya ce, "Sannunku. Yau kuma mi ya ɓace?" Taubashina ya nuna ni ya ce, "Baba, wanga ne ya ɓace tun shina yaro, yau nika son in gano shi." Tsohon ya ce tunda taubasai ne shi babu ruwansa, ya koma kan karansa.

Da muka iso gawon na rage tafiya. Na yi gyaran murya. Na ce rana ta fara ɗagawa, ya ce haka take yi kullum. Na ce akwai mai zuwa karɓar riga da hantsi, ya ce mai riga ya san gidan tela. Daga ƙarshe na tsaya cak na ce, "Ɗan namiji, ga gawo fa."

"Na gan shi," in ji shi. "Shina nan lahiya lau, har ya hwara ganye. Gaishe shi mu wuce."

A nan na gane abin da ake ciki. Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan ya wuce wasa, zalunci ne, ya san sarai ba zan iya aje masa kaya a ƙasa in juya ba. Ya ce shi bai ce komai ba, tafiyarsa kawai yake yi, in akwai wanda zan kai wa ƙara to kawu ne, shi ya kafa dokar. Ya sa kai cikin hanyar. Na tsaya riƙe da basukur, na dubi gari, na dubi bayansa yana nisa. Sannan na yi bismilla na tura.

Farkon hawan bai kai yadda na zata ba. Jar tsakuwa ce da ƴan geza da sabara, hanya tana lanƙwasa daga wannan tsibin duwatsu zuwa wancan. Amma ni kowane taku da abin da ke damuna, bugun zuciyata da nake ji har a kunne, da maganar majo, da kowane rami da na tabbata akwai kububuwa a ciki. Gumi ya jiƙa rigata. Shi yana gaba, hannuwansa a baya kamar mai zagayen gona, yana nuna mini inda ya taɓa faɗuwa, da inda ya ga dila, da wani kogo da makiyaya ke fakewa in ana ruwa. Fushi nake yi, irin fushin da ba ni da ikon yi.

Sai muka iso wani wuri da hanya ta tsuke. Ta dama bangon dutse, ta hagu gangare mai zurfi, tsakani kuwa da kaɗan ya fi faɗin tabarmar salla. Basukur ba ya turuwa a nan, sai an saɓa shi a kafaɗa. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na janye kaina. Na jingina da dutse na zame na zauna, hannuna yana kan ƙarfen ban saki ba. Na ce masa ba zan iya ba, ya dubi Allah ya sallame ni, ina da ƴaƴa.

Ya komo ya tsuguna gabana. Tun da muka fito sai a nan na ga babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Ɗan mace, ban ɗaure ka ba. In ka aje ka koma, daga ni sai kai muka sani, kuma ba ni gaya ma kowa. Amma bakina ba ya hwaɗin ka koma. Shekara da shekaru ni ɗaya nika ganin abin ga, in sauko in yi ta kwatanta maka da baki. Ba ni son in tahi Kurmi da shi ni ɗaya."

Ban taɓa tunanin shi ma yana da abin da yake nema a wurina ba, na ɗauka tsokana ce kawai irin ta taubashi. Muka zauna har numfashina ya daidaita. Na ce to in na faɗa fa. Ya ce shi zai bi ta gefen gangaren, in faɗuwa ta zo sai ta fara da shi, ɗan namiji ba ya yarda ɗan mace ya riga shi, ko da mutuwa ce. Na tashi. Na saɓa basukur, ƙarfen ya nutse a kafaɗata, na kafa ido kan bangon dutse. Shi yana bayana ta gefen gangare, hannu ɗaya kan tayar baya, ɗaya a ƙuguna. Ban san tsawon wurin ba, na san dai duk surar da na haddace sai da na karanta ta. Da na ji ya sake ni na ɗaga kai, sai na ga babu sauran dutse a gabana, sai sama.

Bisan shimfiɗe yake kamar an daɓe shi, baƙar tsakuwa har iyakar gani. Ya kama kafaɗata ya juya ni. Ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba, karatuna bai kai nan ba, sai dai in kwatanta da abin da na sani. Kwarin Dallol ne kwance kamar dogon yadin da aka shimfiɗa za a yanka. Gonakin da aka girbe sun yi faci-faci, wani ja wani fari, goriba da gawo sun bi tsakiya, tabkuna na ƙyalli kamar maɓallai, gudron kuwa baƙin zare ne da aka ja ta gefe. Ga shanu can suna tafiya a jere, da ƙyar ake ganin motsinsu. Ga Filinge, garin da na ɗauka shi ne duniya, duk ya taru wuri ɗaya har ina iya rufe shi da tafin hannu. Na gane hasumiyar masallaci, na gane rumfunan kasuwa. Na yi ta neman shagona ban same shi ba. Na gaya masa. Ya ce to na ga hayaƙi, na ce a'a. Ya ce to bai ƙone ba, in zauna.

Na zauna. Iskar da yake ba ni labari ta zo, mai sanyi, ba ta ɗauke da warin komai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikin kaina ya yi tsit. Tun da na yi wayo akwai wata murya da ke tambayata ko na kulle, ko na kashe, ko na cika, ko na ɓata wa wani. A bisan dutsen nan na saurara ban ji ta ba. Muka sha fura muna miƙa wa juna gorar. Nan ya gaya mini da mai ɗakina aka ƙulla, ita ce ma ta ce in ba ta hanyar rakiya ba babu mai fitar da ni. Ya kai ni wata ƙwaryar dutse da ruwan sama ya kwanta, muka wanke fuska. Sannan ya matsa sai na hau basukur ɗin a filin. Rabona da hawa tun muna samari. Na yi ta karkata, na kusa faɗawa cikin geza, daga baya ƙafata ta tuna. Na zagaya na sake zagayawa, rigata na kaɗawa, ina jin wani yana ta ƙyaƙyata dariya, ashe ni ne.

Da rana ta yi sama ya ce lokaci ya yi, yayarsa na jira. Ya karɓi basukur daga hannuna. Muka rungumi juna, muka yafe wa juna, ya ce in riƙa leƙa kabarin kawu. Na ja baya na tsaya yadda mai rakiya ke tsayawa, ina jiran kalmar. Ya gyara jaka, ya hau, ya taka. Na ɗauka mantawa ya yi. Na ɗaga murya na ce, "Ɗan namiji, ba ka sallame ni ba."

Ya waiwayo yana tafiya ya ce, "Na sani."

"To in koma?"

"Ban ce ba." Ya ɗaga hannu ɗaya sama. "Rakiya tana nan bisa kanka, tela. Sai na komo mu ƙarasa."

Na tsaya ina kallonsa yana ƙanƙancewa cikin baƙar tsakuwa har ya zama ɗigo, har ɗigon ya ɓace.

Sai a lokacin na tuna ni kaɗai zan sauka. Tsoro ya taso, amma da na juya sai na ga abin da ban lura da shi ba lokacin hawa. Kowane tsibin duwatsu an shafa masa farar ƙasa ta fuskar mai saukowa, an kuma ƙara sababbi kusa da kusa, yadda kafin ka bar ɗaya ka riga ka hangi na gaba. Shi bai buƙaci alama ba, ya san hanyar ko da ido rufe. Ashe abin da bokitin nan yake yi ke nan. Na wuce matsatsin da hannu a bango, babu kaya a kafaɗa, hawaye na zuba, ban san ko na tsoro ne ko na wani abu ba. Na iso gida mai ɗakina ta karɓi gorar ta girgiza ta ji babu komai, ta yi murmushi, ba ta tambaye ni ba.

Bayan wannan na sha hawan dutsen nan. Ranar da aiki ya yi sauƙi nakan fita da safe, in gyara tsibin da awaki suka rusa, in sabunta farar ƙasa bayan damina. Ni ma aka fara tsare ni a hanya ana tambayata me ya ɓace. Fargaba ba ta bar ni ba, har yau ina komawa in taɓa kwaɗo, amma na san akwai wurin da ba ta iya hawa. In ya kira ni a waya daga Kurmi, tambayarsa ta farko ita ce ko hanya tana nan. Bai kuma taɓa rufe waya da ban kwana ba, muna cikin magana sai in ji ɗif.

Daga baya daji ya lalace, masu bindiga suka shige shi, mutanen ƙasarmu sun san abin da nake nufi. Aka daina nisa da gari ba da dalili ba, mai kiwo ma da addu'a yake fita. Na daina hawa. Ina ta cewa in abubuwa suka lafa zai zo mu hau tare, ko da muna dogara sanda. Sai wata rana ina tsakiyar ɗinki babban ɗansa ya kira, ya ce Allah ya yi wa babansu rasuwa bayan ƴar jinya, can aka rufe shi. Na tambaye shi ko ya bar mini wani saƙo. Ya ce babansu ya ambaci mutane da yawa ya ce a nema masa gafararsu, amma da aka zo kaina sai ya yi murmushi kawai, bai ce komai ba. Ya ba ni haƙuri, yana ganin kamar an manta da ni. Na ce masa kada ya damu, na ji saƙon.

Yanzu da yamma in na rufe shago nakan taka har gawon, nan dai ana iya zuwa, in tsaya in ɗaga kai. Idona ya rage, amma wani lokaci sai in ga kamar ina hangen fari-fari can sama. Ina kewar iskar, ina kewar shirun nan, na fi kewar mai tafiya a gabana da hannuwa a baya. In na tuna yawan safiyoyin da na juya daga gindin itacen nan, ga hanya a buɗe ga mutumin a raye, sai in ga duk abin da na ji tsoro babu wanda ya auku. Shago bai ƙone ba, maciji bai sare ni ba. Abin da ya zo ya raba ni da dutsen kuwa ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mini a rai ba. Darasin da na ɗauka shi ne, in wanda ke ƙaunarka ya kira ka ka zo ka ga abin da ke faranta masa rai, ka tashi a ranar da ya kira, kada ka ce baɗi. Ni Allah ya taimake ni na samu taubashi mai taurin kai wanda ya ƙi cewa in koma. Har ya bar duniya bai ce ba, ni kuwa har yau ban ɗauki kaina wanda aka sallama ba.